Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Dokar 1970 Da Tsadar Magani

Mai girma Minista,

Na ɗauki alƙalami ne a kan wata doka da ba a ofishinka take ba, amma majinyatanka ne ke biyan kuɗinta. Ina nufin dokar mallakar ƙirƙira ta 1970, wadda aka kafa zamanin Janar Yakubu Gowon, wadda har yau da ita ake ba kamfani takardar da ke hana kowa haɗa irin maganinsa ko shigo da shi Najeriya tsawon shekara 20. Ofishin rajistar yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, kuma na san wani zai ce wasiƙata ta yi ɓatan kai, can ya kamata ta nufa. To a can takardar rajista ce kawai da kuɗin shiga. A asibitocinka ne take komawa kwanakin da uwa za ta yi tana zagaya 'yan uwa da takardar likita a hannu.

Ranka ya daɗe, babu abin da zan faɗa da ba ka sani ba. Ka jagoranci hukumar lafiya matakin farko, ka zauna da sarakunanmu a kan rigakafin shan inna, ka riƙe sashen lafiya na Bankin Duniya, kuma a 2023 ka bar kujerar shugabancin Gavi, ƙawancen samar da rigakafi na duniya, da aka riga aka zaɓe ka a kanta, ka dawo gida. Na rubuta a fili kuma da Hausa ne don masu tsayawa gaban kemis suna cewa "a ba ni kati ɗaya, in na samu kuɗi na dawo", su san cewa wani ɓangare na farashin da ke korar su doka ce ta yanka shi, kuma doka na iya rage shi.

A shekarar da muka kafa tamu dokar, Indiya ma ta kafa tata. Gwamnatin Indira Gandhi ta ce a fannin magani ba za ta ba kowa mallakar maganin kansa ba, sai dai hanyar da ya bi ya haɗa shi. Duk wanda ya gano wata hanya daban, yana da damar yin maganin ya sayar. A ƙarƙashin wannan inuwa Cipla da Ranbaxy da Dr Reddy's suka yi ƙarfi, har aka wayi gari kusan kashi 20 cikin 100 na magungunan gama-gari da ake sha a duniya daga Indiya suke fitowa. Mu kuwa muka buɗe ƙofa baki ɗaya tun ranar farko, ba tare da wani ya tilasta mana ba, shekara 25 kafin yarjejeniyar TRIPS ta Hukumar Ciniki ta Duniya ta fara aiki a 1995. Yau mu ne ke shigo da kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunanmu, akasari daga wannan Indiyar da Sin.

Abin da ya fi damuna a dokar shi ne sashe na 4. Magatakardan rajista ba ya binciken ko abin da aka kawo masa sabo ne, ko an yi wata fasaha ta gaske wajen samar da shi. Aikinsa ya duba ko takardu sun cika, an biya kuɗi, sai ya buga hatimi. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Kamar mai unguwa ne ya riƙa sa hannu a takardar fili bai taɓa zuwa ya ga filin ba, ya ce duk wanda aka shiga gonarsa ya tafi kotu. Kuma kotun a nan Babbar Kotun Tarayya ce, bayan an riga an ba da takardar. Wane ƙaramin kamfanin magani ne a Legas ko Kano zai ɗauki lauyoyi ya yi shekaru yana shari'a da kamfanin da cinikinsa na shekara ya fi kasafin lafiyar ƙasar nan? Zai haƙura ne kawai ya koma yin farasitamol. Afirka ta Kudu ta daɗe da irin wannan tsari, kuma da aka ƙirga, a 2008 kaɗai ta ba da takardun mallakar magani sama da 2,400, alhali Brazil mai bincike kafin bayarwa ba ta ba da 300 ba daga 2003 zuwa 2008. Wannan ne ya sa a 2018 majalisar ministocin Afirka ta Kudu ta amince a koma yin binciken.

Ga dalilin da ya sa binciken yake da muhimmanci. Idan shekara 20 ta kusa cika, kamfani kan ɗan sauya wa maganin kama, ya mayar da shi wani nau'in gishiri, ko ya sauya yawan da ake sha, ko ya haɗa shi da wani tsohon magani, sai ya nemi sabuwar takarda, agogo ya koma baya. Lokacin da ya zama dole Indiya ta fara ba da mallakar magani a 2005, ta saka sashe a dokarta cewa sabon kama na tsohon sinadari ba ya samun takarda sai an nuna ya fi na da warkarwa. Novartis ya kai ƙara a kan Glivec, maganin sankarar jini, ya bi har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 2013.

Labarin bedaquiline ya fi taɓa ni, domin a Afirka babu ƙasar da tarin fuka ya yi wa katutu kamar tamu. Shi ne maganin da ya raba masu tarin da ba ya jin magani da allurar nan da ke kurumtar da mutum. Babbar takardar Johnson & Johnson a Indiya za ta ƙare a Yulin 2023, sai kamfanin ya nemi wata a kan gishirin maganin, wadda za ta kai shi ƙarshen 2027. Mata biyu, Nandita Venkatesan ta Indiya da Phumeza Tisile ta Afirka ta Kudu, waɗanda dukkansu tsohuwar allurar ta ɗauke musu ji, suka shigar da ƙorafi a ofishin rajistar Indiya, domin dokar can ta ba kowane mutum damar ƙalubalantar takarda tun kafin a bayar. A Maris 2023 ofishin ya yi watsi da buƙatar kamfanin. Kafin shekarar ta fita farashin maganin wata shida ya faɗi da fiye da rabi, zuwa dala 130, kuma kamfanin ya sanar ba zai yi amfani da takardunsa na bedaquiline a ƙasashe 134 ba. Masu tarin fuka a Zariya da Ibadan sun ci moriyar wannan. Da a ce a Abuja waɗannan mata suka je da ƙorafinsu, babu teburin da zai karɓa, domin dokarmu ba ta tanadi teburin ba.

Mu da muka ga ƙarshen shekarun 1990 ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da takarda ke iya yi. Maganin ƙanjamau yana nan, ana sha a Amurka da Turai ana komawa aiki, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara, mu a nan sai dai a kai mutum ƙauye a jira rai ya yi halinsa. Da gwamnatin Mandela ta gyara dokarta don samun magani mai rahusa, kamfanoni 39 suka maka ta a kotu a 1998, ba su janye ba sai a Afrilun 2001, da duniya ta yi musu ca. A Fabrairun 2001 ɗin Yusuf Hamied na Cipla ya ce zai ba da haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Da irin waɗannan magunguna na Indiya gwamnatin Obasanjo ta fara shirinta a 2002, na manya 10,000 da yara 5,000. Tun kafin Cipla ya yi magana an san yadda ake haɗa maganin. Gasa ce ta shigo, farashi ya rushe, kuma a yau haɗin da ke da dolutegravir bai kai dala 45 a shekara ba.

Ba na cikin masu cewa a rushe haƙƙin mallaka. Wanda ya kashe dukiya da shekaru yana bincike, goma su faɗi ɗaya ya yi nasara, yana da haƙƙi a kan guminsa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da irin wannan haƙƙi a zamanta na Kuwait a 1988. Amma fiƙihun da ya kare dukiyar mai dukiya shi ne ya haramta ɓoye abin da rayuwar jama'a ta rataya a kansa, kuma malaman Malikiyya sun ba shugaba ikon tilasta wa mai ɓoye abinci lokacin yunwa ya fito da shi ya sayar a farashin adalci. Ba a ƙwace masa, ana biyan sa, abin da ake hana shi kawai shi ne ya mai da matsuwar mutane jari. Haka nan ban ce kowace tsada daga takarda take ba. Da kamfanin GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa daga Najeriya a Agustan 2023, Sanofi ya bi bayansa, farashin Augmentin da Ventolin ya yi tashin gwauron zabo, alhali sinadaransu sun daɗe da fita daga mallakar kowa. Wannan laifin faɗuwar naira ne da tsadar wuta da dogaro da jirgin ruwa. Amma magungunan da za mu fi nema nan gaba, na sankara, na ciwon suga, na ciwon hanta, na tarin da ya gagari magani, sababbi ne, kuma a kansu takarda take cizo.

Za a ce mini kamfanoni yanzu sun sassauto, suna ba da lasisi don raɗin kansu. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Allurar lenacapavir ta Gilead, wadda ake yi sau biyu a shekara don kariya daga ƙanjamau, ta ba duniya mamaki a 2024: a gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda, cikin 'yan mata da matasan mata sama da 2,000 da aka yi wa, ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba a sakamakon da aka fitar. A Amurka kuɗinta ya haura dala 28,000 a shekara. Kamfanin ya ba masana'antu shida lasisi su yi wa ƙasashe 120, har da tamu, kuma a Satumbar 2025 aka sanar za a same ta a kan dala 40 a shekara daga 2027. Sai dai a duba wanda ya rubuta jerin sunayen. Kamfanin ne. Brazil da Peru da Ajantina da Meziko, inda mutane suka miƙa jikinsu aka yi gwajin allurar, ba sa cikin 120 ɗin. Cikin masana'antu shidan kuma babu ko ɗaya a kudu da Sahara, ɗaya tilo ta Afirka a Masar take. Mun shiga jerin ne saboda ana mana kallon matalauta, kuma ranar da alƙaluma suka ce mun ɗan farfaɗo, mai alƙalamin na iya tsallake sunanmu. Janairun 2025 ya riga ya koya mana darasin dogaro da alherin wani, lokacin da sa hannu ɗaya a Washington ya dakatar da tallafin lafiya, aka shiga neman dala miliyan 200 a kasafin kuɗi don cike giɓi, mutum kusan miliyan biyu masu ɗauke da ƙwayar cutar suna tambayar ko maganin wata mai zuwa zai samu.

Abin da ya sa wasiƙar nan ta zo gare ka kai tsaye shi ne, a cikin wannan tsohuwar dokar akwai makami da aka ajiye domin minista. Jadawali na farko ya ce idan minista ya gamsu cewa maslahar jama'a ta buƙata, yana iya ba kowane mutum izinin saye ko haɗa ko sayar da abin da ke ƙarƙashin takardar mallaka domin amfanin hukumar gwamnati, kuma dokar ta ambaci magunguna da sunansu. Wannan bai saɓa wa TRIPS ba. Sanarwar Doha ta Nuwamban 2001 ta fayyace cewa kowace ƙasa na da ikon ba da lasisin dole, kuma ita ce za ta yanke dalilin bayarwa. Zimbabuwe ta bi wannan hanya a 2002, Mozambik da Zambiya a 2004, Ghana a 2005, Brazil a kan efavirenz, maganin ƙanjamau, a 2007, Malesiya a kan maganin ciwon hanta a 2017, Kolombiya a kan dolutegravir a 2024. Maƙwabciyarmu Nijar, da ke jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, an ɗauke mata wajibcin kare mallakar magani har zuwa 2033. Mu ba ma cikin wannan rangwame, don haka mun fi ta buƙatar sanin yadda ake amfani da ikon da muke da shi.

Na san tsoron: kada a ce Najeriya ta kori masu zuba jari, kada manya su yi fushi. Ina so a tuna Oktoban 2001. Da aka aika wasiƙu masu ɗauke da ƙwayar anthrax a Amurka, mutum biyar suka rasu, sakataren lafiyarta Tommy Thompson ya fito ya yi wa Bayer barazanar tsallake takardarsa a kan Cipro, maganin cutar, kamfanin ya sauko da farashi zuwa senti 95 kowace ƙwaya. Ƙasar da ta yi shekaru tana matsa wa Afirka ta Kudu da Brazil lamba a kan wannan batu ba ta yi wata-wata ba da abin ya zo gidanta. Ban ga laifinta ba, ta yi abin da ya kamata kowace gwamnati ta yi wa mutanenta. Kuma ka lura, ba a ma kai ga amfani da ikon ba. Kamfani ya gane da gaske ake, sai ya zauna teburin ciniki.

Masar ce ƙasar da nake so mu yi koyi da ita. Sofosbuvir na Gilead, maganin ciwon hanta nau'in C, ya fito a Amurka a kan dala 84,000, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Ofishin rajistar Masar ya bincika buƙatar Gilead a 2014 ya ƙi ba da takarda, kamfanonin gida irin su Pharco suka shiga haɗawa, kuɗin warkar da mutum ya sauko ƙasa da dala 100. Suka gwada mutum sama da miliyan 50, suka yi wa sama da miliyan 4 magani, kuma a Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Masar shaidar zinare, ƙasa ta farko a kan hanyar kawar da ciwon hanta nau'in C, bayan a da tana cikin waɗanda cutar ta fi addaba a duniya. Mu da ke da kusan mutum miliyan 20 masu ɗauke da nau'in B da C, ya kamata wannan labari ya hana mu barci.

Na yaba da umarnin shugaban ƙasa na Yunin 2024 da ya cire haraji a kan injuna da kayan haɗa magani, da burin yin kashi 70 cikin 100 a gida kafin 2030. Na yi murna da NAFDAC ta kai mataki na uku na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, da kamfanin Swipha ya samu amincewar hukumar a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a 2024. To idan an gina masana'antun, me za su haɗa? In doka ta bar ƙofar sababbin magunguna a kulle da takardun da babu wanda ya bincika, za mu ƙare da manyan injuna suna ta buga maganin ciwon kai, mai sankarar mama kuwa tana sayar da gona.

Akwai wani tarko da nake roƙon ka sa wa ido. Jabun magani ya kashe mana mutane, kuma har gobe muna yi wa marigayiya Dora Akunyili addu'a a kan yaƙin da ta yi da shi. Amma maganin gama-gari mai rajista, wanda aka gwada ingancinsa, ba jabu ba ne, kuma akwai masu son a cakuɗa biyun a cikin doka. A ƙarshen 2008 jami'an kwastan na Holan suka tsare kilo 49 na abacavir a filin jirgin Schiphol, maganin ƙanjamau na Indiya da Unitaid ta biya domin majinyatan Najeriya, bisa zargin keta haƙƙin mallaka, ba a sake shi ba sai bayan watanni. A Kenya sai da Babbar Kotu ta yanke hukunci a 2012 cewa dokar yaƙi da jabu ta 2008 na barazana ga samun magani mai rahusa. Duk wani ƙuduri ko yarjejeniyar ciniki da ta taɓa wannan fanni, a kawo ta teburinka kafin a sa hannu.

Mu ma muna da abin da za mu kare. Niprisan, maganin rage ciwon amosanin jini, wato sikila, da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar, an haɗa shi ne da masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, an kuma yi masa rajistar mallaka har a Amurka. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisinsa shi kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru, sai a 2018 aka ba May & Baker. Wannan a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara. Abin da kuɗin jama'a ya samar, kada a sake damƙa shi ga hannu ɗaya ba tare da sharaɗin farashi da na ƙwacewa in an gaza ba.

Saboda haka, Allah ya taimaki Minista, roƙona shi ne ka kai takarda Majalisar Zartarwa tare da takwaranka na ciniki, a aika wa Majalisar Tarayya gyaran dokar 1970. A fara binciken ƙwaf a kan duk buƙatar da ta shafi magani, ko da sauran fannoni za su jira, kuma muna da masana harhaɗa magunguna a jami'o'in Zariya da Ife da Nsukka da za a horar su yi aikin. A rubuta ƙarara cewa sauya wa tsohon magani kama ba ƙirƙira ba ce. A ba majinyata da ƙungiyoyinsu da kamfanonin gida damar ƙorafi kafin a buga hatimi. A halatta shigo da magani daga duk ƙasar da mai shi ya sayar da shi da rahusa, kamar yadda Kenya ta yi tun 2001, a kuma ba kamfanoninmu damar yin gwaji da neman rajistar NAFDAC kafin takarda ta ƙare, don su shiga kasuwa washegarin ƙarewarta.

Gyaran doka yana ɗaukar lokaci, na sani, amma akwai abin da ba ya jiran majalisa. Ka sa a fitar da jerin takardun mallakar da ke kan muhimman magunguna a Najeriya, a saka a intanet kowa ya gani, domin a yanzu mai son haɗa magani yana lalube ne a cikin duhu. Ka kafa ƙaramin ofishi a ma'aikatarka, na lauyoyi da masana magani, ya rubuta ƙa'idar amfani da ikon da jadawali na farko ya ba ka, har da yadda za a biya mai takarda ladansa. Sannan a zaɓi magani ɗaya, na sankara ko na ciwon hanta, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin asibitocin koyarwarmu, a kira kamfaninsa a yi ciniki, da takardar izinin a rubuce a gefe tana jiran sa hannunka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba majinyatanmu lafiya.

Wassalam,
Naka, ɗan ƙasa mai fatan alheri, daga Kano.